Leza ba ta dawo da ganin da ya tafi, wanda ya rage take tsarewa

'Yan uwa mazauna Legas, Ibadan da Fatakwal, da yawanmu muna da iyaye a Gombe masu fama da ciwon suga. Muna tura kuɗin magani, amma ba kasafai muke tuna ido ba.

A can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira ratina, shi ke ɗaukar hoton abin da muke gani. Suga idan ta daɗe tana lalata ƙananan jijiyoyin jininsa, su riƙa yoyo, wasu sababbi marasa ƙwari su tsiro su fashe. Masu sikila ma na gamuwa da irin wannan. Abin tsoron shi ne babu zafi, sai dai gani ya yi ta dusashewa.

A nan leza ke shigowa. Ana ɗiga maganin kashe zafi, likita ya haska wani haske mai ƙarfi cikin idon, ya ƙona 'yan ɗigo-ɗigo a ratina don toshe yoyon da hana miyagun jijiyoyin tsirowa. Ba yanka, kuma yawanci ranar ake komawa gida. Wani sai an maimaita masa.

Amma fa a lura, inda ya riga ya mutu ba ya dawowa. Saboda haka mai suga ya je a duba masa cikin ido duk shekara. A fara da sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Idan abin ya yi nisa, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Idan Baba ya ce yana ganin walƙiya ko baƙin ɗigo na yawo, kar a jira sai kun zo sallah. Allah Ya ƙara mana lafiya.