Houston: Birnin da Ya Haƙa wa Kansa Hanya Zuwa Teku

Birnin Houston na Jihar Texas, wanda shi ne na huɗu wajen yawan jama'a a Amurka, ba a bakin teku yake ba. Duk da haka, tashar jiragen ruwansa ita ce kan gaba a ƙasar wajen nauyin kayayyakin da ake shigowa da su daga ƙetare da waɗanda ake fitarwa. Asirin wannan al'amari shi ne wata hanyar ruwa mai tsawon mil 52 da aka haƙa domin sada birnin da Tekun Meksiko.

Bayan an kafa Houston a 1836, a gefen wani rafi mai suna Buffalo Bayou, Galveston ce ta zama babbar tashar yankin, kuma ta can ake fitar da auduga. Mahaukaciyar guguwar da ta ragargaza Galveston a 1900, da kuma man fetur da aka gano a Spindletop a 1901, su suka sauya lissafin. Attajiran Houston suka yi wa Gwamnatin Tarayya tayin biyan rabin kuɗin yashe rafin, jama'ar yankin kuma suka amince da cin bashin Dala miliyan 1.25 domin aikin. A watan Nuwamba na 1914 Shugaba Woodrow Wilson ya buɗe hanyar, mai zurfin ƙafa 25.

Da ruwa ya yi zurfi sai masana'antu suka biyo shi. Matatun mai suka jeru a gaɓar hanyar, ciki har da ta Baytown, wadda a yanzu take hannun ExxonMobil. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo masana'antun roba da na sinadarai, waɗanda ke sarrafa mai da iskar gas. A 1956 kuma, jirgin Ideal X ya iso daga Newark ɗauke da kwantena 58, tafiyar da ake ɗauka a matsayin mafarin jigilar kaya cikin kwantena. A 2024 tashar ta yi hada-hadar kwantena fiye da miliyan 4, bisa ma'aunin masu tsawon ƙafa 20.

Sai dai dogaro da mai ya taɓa jefa birnin cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Faɗuwar farashi tsakanin 1982 da 1987 ta raba mutane fiye da 200,000 da ayyukansu, bankuna suka durƙushe, gidaje suka rasa masu saye. Abin da ya rage raɗaɗin shi ne sauran sassan da suka ci gaba da ɗaukar ma'aikata, musamman rukunin asibitocin Texas Medical Center, da cibiyar binciken sararin samaniya ta NASA, da ita kanta tashar.

Canjin da ya fi shafar Nijeriya ya zo ne daga baya. A 2010 Amurka tana sayen kusan ganga miliyan ɗaya ta ɗanyen man Nijeriya a kowace rana. Sabuwar fasahar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta bai wa Texas mai maras nauyi, irin namu, har ta kai a watan Yuli na 2014 Amurka ba ta sayi ko ganga ɗaya daga Nijeriya ba. A Disamba na 2015 aka ɗage dokar hana fitar da ɗanyen mai, tashoshin Texas suka koma lodi maimakon sauke. Tun daga 2024, matatar Ɗangote da ke Legas tana cikin masu sayen man na Amurka.

Hanyar ruwan tana da nata rauni. Guguwar Harvey ta tilasta rufe tashar na kwanaki a 2017, kuma jiragen zamani sun fi ƙarfin faɗinta na dā. Don haka a 2022 aka soma aikin faɗaɗa ɓangaren da ya ratsa ruwan Galveston daga ƙafa 530 zuwa 700, inda hukumar tashar ta ɗauki kaso mai yawa na kuɗin, kamar yadda magabatanta suka yi shekaru fiye da ɗari da suka wuce.