Daga Gamana Zuwa Fada: Me Samarin Jiratawa Ke Nema?

Da la'asar sakaliya, a bakin hanyar Jiratawa zuwa Maraɗi, ba a rasa samari zaune kan benci, butar shayi na tafasa bisa gawayi, babura jingine a gefe. Ita ce fada. Dattijo in ya gitta sai ya girgiza kai, wai yaran yanzu ba sa jin magana, sakewa kawai suke so.

Ya manta shi ma an sakar masa mara, sai dai da ma'auni.

A tsarin noman gargajiya na ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tibiri, kowane gida na da gandu, inda kowa ke aiki ƙarƙashin maigida. Yaro in ya tasa, sai a yanka masa gamana, wadda Kanawa ke kira gayauna. Yawancin kwanakin mako na gandu ne, ragowar nasa. Gyaɗa ko geron da ya samu can shi zai sayar, ya ɗinka rigar salla, ya yi wa budurwa toshi, ba mai tambayarsa lissafi. Da ita yake koyon riƙe kansa tun kafin ya riƙe gida.

Yau ina gonar? Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma rabon gado ya yayyanka gonaki sun koma ƙyallaye. Ko filin noman rani na Jiratawa, wanda zogalensa ke kaiwa har Yamai, ba ya ƙara faɗi don an yi haihuwa. Uban da gonarsa ba ta ciyar da gida, me zai yanka wa ɗa?

Jinin ƙuruciya kuwa ba ya jira. Masana sun gano cewa sashen ƙwaƙwalwa mai son sabon abu da yabon tsara yana saurin nuna, shi kuwa na gaban goshi, mai auna abin da zai biyo baya, sai wajen shekara 25 yake kammala. Saurayi na son a ce ga nasa, ko da benci ne. Fada, wadda ta bazu a garuruwan Nijar cikin shekarun 1990 bayan ƙungiyar samariya ta zamanin Seyni Kunce ta dusashe, ta ba shi wannan: su ke raɗa mata suna, su ke karo-karon sukari, su ke sa doka. Wanda bencin bai ishe shi ba ya hau kabu-kabu, ko ya bi ta Ɗan Isa cirani Kano da Legas, ko ta Agadas zuwa Libiya.

'Yan mata galibi ba su da fada. Da yawa kan ɗauka ɗakin aure ne zai zama nasu na kansu, alhali sau tari hannun mai riƙe igiyar kawai ke sauyawa. A ƙididdigar UNICEF, kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jihar Maraɗi ce kan gaba.