Shingen Gona da Tururuwar Wuta

Ya kai manomi, da kai dagaci mai riƙon ƙasa, ga wata magana a kan gefen gona, watau wurin nan da aguwa da gamba da dashi su ke tsirowa, wanda mutane da yawa su ke gani kamar asarar fili ce.

A da, cikin ganuwar Kano ma akwai gonaki. Sa'ad da Bature Barth ya shigo birni a 1851, ya tarar da fili mai yawa tsakanin gidaje da badala ana nomansa. Yau gini ya cinye kusan duka. Amma in ka fita ta Ƙofar Dawanau ko Ƙofar Kabuga ka yi nisa, za ka ga al'adar kakanni ba ta mutu ba: gawo da ɗorawa da tsamiya a tsakiyar gona, shinge kuwa a kan iyaka. A ƙarƙashinsu akwai runduna wadda ba a biyanta lada. Tururuwa ce, da cinnaka, da kiyashi, da kwarkwasa. Gaskiya ne tururuwa takan saci hatsi, cinnaka kuma ba ya jin kunyar baƙo. Duk da haka su ne su ke cin ƙwai da tsutsar ƙwarin da ke ɓata amfani, su ne kuma masu tsaron ƙofa.

Tsaron ƙofa daga wa? Akwai wata ja da a ke kira tururuwar wuta, don harbinta yana ƙuna kamar garwashi, kashegari kuma wurin ya yi farin ƙurji. Asalinta Amurka ta Kudu. Jiragen ruwa suka kai ta tashar Mobile ta ƙasar Amurka wajen 1930 zuwa 1940, ta bazu cikin gonaki da makiyaya, tana cin iri a cikin rami, tana kashe 'yan tsaki, tana hana ma'aikata tsayawa a kunya. An same ta a Ostareliya a 2001, a ƙasar Sin a 2004. Wata ƙanwarta ƙarama ta daɗe a Gabon da Kamaru, inda har waɗansu manoman koko suka riƙa ɗaukarta da hannunsu suna zubawa a gona don ta kori ƙwari, daga baya ta kori tururuwar ƙasar ma.

To, ga abin lura. Bayan an yi ruwa, 'ya'yanta mata masu fiffike sukan tashi kamar shinge na gara, kowace ta sauka ta haƙa rami ta kafa gida. Abin da ta ke nema shi ne ƙasa tsirara wadda rana ke duka, wadda garma ko wuta ta share. Inda akwai inuwa da ganye a ƙasa ba ta cika yin ƙarfi ba, gama tururuwar gida sukan far mata su kashe ta tun ba ta haifi mayaƙa ba. Wanda ya sare shingensa, ya ƙone gefen gona ƙurmus, shi ya kori masu gadi ya shimfiɗa wa baƙuwa tabarma.

Akwai kuma maganar zuriya. Ka san dawa ba iri ɗaya ba ce: akwai kaura, akwai farafara, kowace da ƙasar da ta ke so. Haka tururuwa. Masana sukan duba abin gadon da ke cikin jikinsu su gane dangi daga dangi. A ƙasarta ta asali dangogin tururuwar wuta suna da yawa, suna kuma fama da abokan gaba. Waɗanda suka cika Amurka kuwa, an ƙiyasta iyayen da suka fara sauka ba su wuce 20 ba, daga jikokinsu ne kuma na Sin da Ostareliya suka fito. 

Kano gari ne na fatauci tun kafin jirgin ƙasa, kaya na shigowa daga ko'ina. Saboda haka kada ka dasa itacen da aka kawo daga nesa sai ka fasa ƙasar da ke gindinsa ka duba. Shinge in ya yi duhu har ɓera ya sami maɓoya, a rage shi da adda, kada a sa masa wuta. Gamba a yanka ta don zana, a bar tushenta. Dagaci ya ja kunnen masu saran gawo da masu cinna wa daji wuta da kaka don farautar gafiya.

In ka ga tudun ƙasa kamar kifaffiyar ƙwarya, ba ƙofa a samansa, ka taɓa shi da sanda jajayen tururuwa manya da ƙanana suka ɓarko gaba ɗaya suna hawan sandar, kada ka kwashe ƙasar zuwa wani wuri. Kama kaɗan ka zuba a kwalba da kananzir, ka kai wa malamin gona, ka kuma gaya wa mai unguwa.