Mu San Garinmu: Kwoi

Da yawa cikinmu mun iya zana taswirar Ingila, amma in an ce mu ba da labarin garin da ke kusa da mu sai mu yi shiru. Saboda haka a bana muka zaɓi Kwoi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna.

Ƙasar Jaba ta yi iyaka da Kachia, Kagarko, Zangon Kataf da Jama'a, daga kudu kuma da Jihar Nasarawa. Ƙasa ce mai duwatsu da itatuwa, damina kuwa takan kama daga Afrilu har Oktoba. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen 155,000 a ƙaramar hukumar, yawancinsu manoma. Hausawa ne ke ce musu Jaba. Su kansu Ham suke kiran kansu, harshensu Hyam, sarkinsu Kpop Ham. Lokacin Ista sukan taru a Kwoi domin bikin Tuk Ham.

Tarihin wurin ba na jiya ba ne. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani kai na yumɓu a ƙauyen Nok. Daga baya Bature Bernard Fagg ya bincika irin waɗannan siffofi, ya sa musu sunan ƙauyen. Masana sun tabbatar sun fi shekara 2,000.

Bishara ta iso Kwoi a 1910 ta hannun mishan na SIM, makaranta kuma ta biyo bayanta. A nan aka haifi Dokta Byang Kato a 1936. Ya zama babban sakataren ECWA, daga baya na ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, kafin rasuwarsa a Mombasa a 1975.

Abin da ke riƙe da gidaje shi ne citta. Ana shuka ta da farkon damina, a haƙe da kaka, a tsaga, a shanya. Da kuɗinta iyaye ke biyan kuɗin makaranta, da su aka gina majami'u da yawa. Amma a 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ta ruɓar da amfanin tun yana ƙasa, har iri ya yi wuya. Wannan ya nuna mana hatsarin dogara ga amfanin gona guda ɗaya.

To, 'yan makaranta, ga aiki a gabanku. Garin yana bukatar malaman gona da za su san maganin irin wannan cuta, da masu sarrafa citta a gida maimakon a kwashe ta a buhu, da masu rubuta tarihi daga bakin tsofaffi tun suna da rai. In kowa ya gama ya tafi Abuja ko Kaduna bai waiwayo ba, wa zai yi? Allah ya ba mu zuciyar tunawa da gida. Amin.