Gyaran Gindin Feda: Mai Araha Ko Mai Tsada?

’Yan’uwa, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, gidaje da yawa a ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura sun jingine babur sun kakkaɓe tsohon keke. Da keke mai bishara yake zagaya ikkilisiyoyi, da shi ake kai buhun gero kasuwa, da shi kuma ake kai yaro asibiti. In ya tsaya, aikin gida ya tsaya. Tambayar da muke yawan ji ita ce: in gindin feda ya lalace, wane iri za a saya?

Abin da ke ciki

Gindin feda shi ne wurin da sandar tsakiya take juyawa a ƙasan firam. A kekunanmu na ɗaukar kaya, irin su Raleigh, Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya, abu uku ne a ciki: sanda, kwano biyu, da ’ya’yan boris, galibi 11 a kowane gefe. Duk ƙarfin ƙafar mutum a nan yake sauka. Babban abokin gabansa yashi ne, ƙasarmu kuwa rairayi ce, musamman wajen Babura. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna shiga su gauraya da giris, su riƙa cin ƙarfen a hankali.

Don a gane ko ya lalace, a kama hannun feda a jijjiga shi hagu da dama. In yana rawa, akwai matsala. Sai a cire kaca a juya feda da hannu. In an ji gurzawa, a buɗe shi tun kafin ya ci kwano.

Iri uku da ke kasuwa

Na farko shi ne mafi araha. Yana ƙyalli, amma sau da yawa ƙarfensa bai ji wuta sosai ba, saboda haka boris yakan haƙa masa rami da wuri. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A misali, in kuɗinsa rabin na mai kyau ne amma aka sauya shi sau uku, an biya fiye da kuɗin mai kyau, ga ladan mai gyara sau uku, ga ranakun kasuwa da aka rasa.

Na biyu kwano da sanda ne na ƙarfe mai tauri. Siffarsu ɗaya da na farko, ingancin ne ya bambanta. Ana iya gwadawa da magagari a bakin kwanon, ba inda boris ke bi ba: in ƙarfen mai tauri ne magagari zai zame, in mai laushi ne zai ci shi. Kowane mai gyaran keke na ƙauye zai iya kwance wannan iri, ya wanke, ya sauya boris kaɗai.

Na uku shi ne rufaffe, mai tsada. An haɗa shi tun daga masana’anta da roba mai hana ƙura, ba ya bukatar giris, yana kuma daɗewa. Amma in ya mutu ba a gyara shi, sai dai a sayi sabo, kuma cire shi sai da sifana ta musamman. Bakin sandarsa mai kusurwa huɗu ne, ba ya karɓar hannun feda na kekunanmu mai ɗaurin ƙusa da noti. Wanda ya saye shi dole ya sayi sabon hannun feda.

Shawararmu

Ga keken ɗaukar kaya a ƙauye, na biyu ya fi. Rufaffe ya dace da keke mai giya wanda dama da shi ya zo. Yesu ya yi maganar mai ginin da ke zaunawa ya lissafta kuɗi tukuna, a Luka sura 14. Mu ma mu lissafta kuɗin shekara, ba na ranar saye kaɗai ba.

1. A tafi kasuwa da tsohon kwano da sanda don a gwada. Tiredin tsofaffin Raleigh na Ingila layi 26 ne a inci ɗaya, na yawancin kekuna kuwa 24. In aka tilasta wanda bai dace ba, firam ne zai lalace.
2. A yawancin kekuna, kwanon gefen kaca ana kwance shi ne ta juyawa dama, saɓanin yadda aka saba.
3. A sauya boris gaba ɗaya, kada a gauraya tsoho da sabo.
4. A wanke da kananzir a sa sabon giris sau biyu a shekara: bayan damina da bayan hunturu. Baƙin man inji ba ya maye gurbin giris.
5. A ɗaure har rawa ta daina, amma sanda ta riƙa juyawa da sauƙi.

Muna roƙon dattawan ikkilisiya su duba keken mai bishararsu kafin ruwa ya sauka. Matasa kuma za su iya haɗa kuɗi su sayi sifanu da gwangwanin giris ɗaya, su keɓe wata Asabar don duba kekunan gwauraye da tsofaffi da na maƙwabta, Kirista da Musulmi. Allah ya kiyaye mana hanya.