Yadda Google Zai San Hanyar Maikujera

Sunan garin Maikujera ba ya ba mutumin Rabah wahala, amma ga injin bincike na intanet abu ne mai rikitarwa. Da zarar an raba shi gida biyu, ya zama kafinta, ko mai sayar da kujeru, ko wanda ya ɗare kujerar mulki. Rabah ɗin ma ba ta tsira ba. Garin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello a 1910 sunansa ɗaya da Rabah Madjer, ɗan ƙwallon Aljeriya da ya zura ƙwallo da dunduniya a wasan ƙarshe na kofin Turai a 1987, kuma wasu littattafan tarihi haka suke rubuta sunan Rabe, wanda ya ci Borno a 1893. Goronyo wasu su rubuta ta Gwaranyo. Sakkwato kuwa a takardun gwamnati Sokoto ce. Ɗan Adam yana gane wanda ake nufi daga yadda zance ya zo. Na'ura sai an fayyace mata.

Wannan ba zancen nahawu ba ne kawai, zancen ciniki ne. Fadamun Rima, daga madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, har zuwa Wurno da madatsar Lugu, suna fitar da albasa da tafarnuwa da shinkafa da ake lodawa zuwa Legas da sauran garuruwan Kudu. Tun kaka da kakanni, dillali ne ke haɗa mai kaya da mai saye, ya karɓi la'adarsa. Yanzu an samu wani dillalin da ba ya zuwa kasuwar Achida, ba ya shan rana a kasuwar Goronyo ran Lahadi, amma mai otal a Fatakwal ko mai kamfanin kayan yaji a Ibadan shi yake fara tambaya kafin ya kira kowa. Dabarun gyara shafin intanet domin wannan dillali ya gan shi, ya fahimce shi, ya kuma nuna shi ga masu nema, su ne masana ke taƙaitawa da haruffa uku, SEO.

A ɗauka wata ƙungiyar manoman tafarnuwa a yankin ta biya wani matashi ya buɗe mata shafi. Ya sayi suna mai ƙarewa da .com.ng, irin wanda hukumar NiRA ke kula da rajistarsa, ya sa hoton shugaban ƙungiya da babbar riga, ya rubuta "Barka da zuwa" da manyan baƙaƙe. Wata uku babu wanda ya kira. Shugaba ya fara zargin an cuce shi, alhali shafin yana nan lafiya lau. Rumfa ce aka kafa a bayan gari, ba hanya, ba allo.

Aikin Google mataki uku ne. Da fari akwai wata manhaja mai suna Googlebot, wadda ke yawo a yanar gizo kamar gizo-gizon kansa, tana bin mahaɗai daga wannan shafi zuwa wancan. Abin da ta karanto sai a zuba shi a wani ƙaton rumbu. Idan mutum ya rubuta tambaya, ba intanet ɗin gaba ɗaya ake zagawa a lokacin ba, rumbun ake buɗewa a jero abin da ya fi dacewa. Shafin da gizon bai taɓa takawa ba, ba ya cikin rumbu, don haka ko sunansa aka rubuta ba zai fito ba. Gwajin mai sauƙi ne: a rubuta site: a akwatin bincike, a liƙa adireshin shafin a gabansa ba tare da tazara ba. In ba abin da ya fito, aikin farko shi ne a yi rajista da Google Search Console, wanda kyauta ne, a miƙa masa taswirar shafin, wato jerin adireshin duk shafukan da ke ciki. Sau da yawa ma laifin ɗan ƙarami ne. A WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita, akwai wani akwati da magini kan danna don hana injunan bincike leƙowa yayin da yake aiki, sai ya gama ya manta bai cire ba.

Bayan an shiga rumbu, sai maganar kalmomi, kuma nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe. Mai shafi yakan rubuta abin da yake so a sani game da shi: tarihin ƙungiya, sunayen shugabanni, godiya ga hakimi. Mai saye kuwa abin da ke damunsa daban. Nawa ne buhu? Akwai busasshiya? Wane wata ake samunta da araha? Mota za ta iya shiga har wurin lodi da damina? Shafin da ya amsa waɗannan a fili, da kalmomin da mai tambayar ke amfani da su, shi ne ke fitowa. Basakkwace zai ce shinkahwa, ba laifi a bakinsa, amma Bakano shinkafa zai rubuta, mutumin Anaca kuma sunanta na Turanci. Kuma kusan babu wanda ke neman ƙ da ɗ da ɓ a allon wayarsa yana cikin sauri. Mafita ita ce a rubuta daidaitacciyar Hausa da ƙugiyoyinta a jikin bayani, a bar adireshin shafin da baƙaƙe marasa ƙugiya, sannan a yi wani shafin daban da Turanci domin 'yan Kudu. Cakuɗa harsunan biyu a jimla ɗaya ba ya amfanar kowa, na'urar ma ruɗewa take yi.

Sunan wuri kuma a cika shi kamar yadda ake rubuta ambulan: Maikujera, ƙaramar hukumar Rabah, jihar Sakkwato, tare da rubutun Sokoto a wani wurin. Da wannan kafinta da ɗan ƙwallon Aljeriya sun fita daga lissafi.

Wuri mafi daraja a kowane shafi shi ne takensa, shuɗin layin nan da ake dannawa a sakamakon bincike. Google yakan yanke shi idan ya wuce baƙaƙe sittin ko kusa da haka, saboda haka abin da ya fi muhimmanci shi ke zuwa gaba. "Tafarnuwar Wurno a buhu, farashi da lodi" ya fi "Barka da zuwa shafinmu" nesa ba kusa ba. Kowane shafi da nasa taken, kowane kaya da nasa shafin. Wanda ke neman albasa kada a kai shi inda aka cusa albasa da gero da awaki wuri guda. Ɗan bayanin da ke ƙarƙashin take ba ya ɗaga shafi sama, amma shi ne tallan da ke sa yatsa ya danna. Hotuna ma suna buƙatar a rubuta musu abin da ke cikinsu a gurbin da aka tanada, domin makafi masu amfani da manhajar karanta allo, kuma domin injin ya san wannan tulin albasa ce a rudu, ba duwatsu ba.

Akwai tsohuwar dabara da har yanzu wasu ke sayarwa, ta maimaita kalma ɗaya sau hamsin a gindin shafi, wani lokaci da farin rubutu a kan farin fili don kada ido ya gani. Zamaninta ya wuce. Tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya duba ɓoyayyen gurbin da ake jera kalmomi a ciki. A 2011 ya fito da sauyin da ake kira Panda, wanda ya kassara shafukan da ba su da komai sai kwafe-kwafe, a 2012 kuma Penguin ya bi ta kan masu cushen kalmomi da masu sayen mahaɗai. Manya ma sun ɗanɗana. A 2006 an cire shafin kamfanin BMW na Jamus daga sakamakon bincike na ɗan lokaci saboda yana nuna wa na'ura wani abu, mutane kuma wani abu daban. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo dubban mahaɗan bogi da ke ɗaga kantin J.C. Penney na Amurka, sai ga shi ya rikito daga sama. Wanda ya yi wa BMW haka ba zai ji nauyin ƙungiyar manoma ba.

Su mahaɗan nan, asalin Google ke nan. Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban jami'ar Stanford da suka kafa kamfanin a 1998, sun gina shi ne a kan tunanin cewa idan wani shafi ya nuna hanyar zuwa wani, tamkar ya ba da shaida ne a kansa, kuma shaidar mai mutunci ta fi nauyi. Duk wanda ya taɓa neman bashin taki ya san wannan: dattijo ɗaya da aka sani ya tsaya wa mutum ya fi 'yan tasha ɗari. Mahaɗi guda daga jarida irin Aminiya, ko daga wani sashe na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya fi dubu da aka saya a hannun wanda ba a san shi ba. Samun irin wannan kuwa sai an ajiye abin da wasu ke bukata. Ƙungiyar da ke rubuta farashin buhu kowane mako, da kwanan wata, shekara guda cur, ta tara abin da ɗan jarida da ɗalibin aikin gona za su nema da kansu. Haka mai masauki a Wurno da ya yi bayani dalla-dalla kan yadda baƙo zai kai hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a garin a 1837: inda ake shiga mota a Sakkwato, ladubban ziyara, inda za a ci abinci.

A nan ƙaramin gari yake da sa'ar da Legas ba ta da ita. Mai sayar da takalma a Ikeja yana kokawa da shafuka dubbai. Rubutun Hausa a intanet kuwa kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu jin harshen, wanda ya shafi ƙauyukan gabashin Sakkwato ya fi ƙaranci, kuma mafi yawansa labarin hare-hare ne. Fili ne da ba a share ba. Abin takaicin shi ne bayanan da ya kamata su cika shi suna zuba ne a inda gizon ba ya shiga. Hoton buhunan da aka ɗora a status na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, abin da aka rubuta a rufaffen zauren Facebook ma Google ba ya ganinsa. Tun 2024 Google ya fara sa amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamako, ita ma daga rubutattun shafuka take tsinto abin da take faɗa.

Sai batun waya. Tun 2015 Google ya fara fifita shafukan da ke karantuwa a ƙaramin allo, yanzu kuma fuskar shafi ta waya ita yake dubawa wajen yanke hukunci. Ma'auninsa shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. Magini yakan gwada aikinsa a kwamfuta a cikin birni inda sabis ke da ƙarfi, ya ce komai daidai. Gwajin gaskiya shi ne a buɗe shi da ƙaramar waya a bakin fadama. Abin da ya fi nauyaya shafi hotuna ne: wanda waya ta ɗauka yakan kai megabait uku ko huɗu, alhali ana iya matse shi ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma ba tare da ido ya lura ba. Adireshi kuma ya fara da https, alamar tsaro da Google ya sa a ma'auninsa tun 2014. Takardar shaidarta kyauta ce a wurin Let's Encrypt, kada wani ya karɓi kuɗi mai yawa a kanta.

Wanda ma bai da shafi yana da ƙofa. Google Business Profile kyauta ne, shi ke sa shago ko injin casar shinkafa ya fito a taswira da lambar waya da lokutan buɗewa. Rashin sunan titi da lambar gida ba hujja ba ce, domin taswirar tana ba kowane wuri a duniya wata gajeriyar lamba, Plus Code, wadda direban babbar mota zai bi har ƙofar sito. Lambar waya dai ta zama iri ɗaya a ko'ina, kuma a sa ta biyu. Mutanen yankin ba su manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, Rabah da Goronyo na ciki. Shafi ba ya mutuwa a irin wannan hali, tunda yana zaune ne a kwamfutar da ke wata ƙasa ko wani birni, amma lambar da ke kansa ta mutu. Wakili a cikin Sakkwato da wayarsa ke shiga shi ne zai riƙe cinikin.

Masu zuwa da alƙawarin kai shafi lamba ɗaya cikin mako guda suna da yawa, wasu ta saƙon imel daga ƙasashen waje, wasu 'yan gida. Google da kansa ya sha faɗa cewa babu mai iya ba da wannan tabbaci, kuma gurbin da ake saye da kuɗi talla ne, ana rubuta masa alama a kai. Ma'aikatansa sun ce gyara yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. A Search Console ne mai shafi zai riƙa ganin ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har suka iso gare shi, wataƙila ya tarar ba Wurno suke rubutawa ba, Sokoto suke rubutawa, sai ya gyara takensa. Tafarnuwa da albasar rani da ake shukawa da shigowar hunturu sukan cika kasuwa wajen Maris da Afrilu, don haka shafin da ake so masu saye su tarar a lokacin, tun Nuwamba ya kamata a rubuta shi, ana tsakiyar gyaran fangali.