Mene ne yauƙin bakteriya mai kwantar da laka?

Da damina Kogin Kaduna kan yi ja wur, sai matatar ruwa ta Malali ta zuba alam don laka ta kwanta. Masana na nazarin madadinsa: wani yauƙi da bakteriya irin su Bacillus ke fitarwa, mai dunƙule laka ta yi nauyi ta nutse. Ingancinsa ya dogara da tsamin ruwan, ɗuminsa, sinadarin kalsiyam da ke ciki, da kuma awon yauƙin da aka zuba. In an zarce, lakar ta sake watsewa. Masu suka na cewa yauƙin yana da tsada. Haka ne, amma shi ruɓewa yake, ba ya barin ragowar alminiyam kamar alam, kuma wannan zai zama riba ga masu shan ruwan famfo daga Kawo har Unguwar Rimi.